Bel a motar makaranta: wajibi ne ko ƙarin nauyi ne kawai a kan iyaye?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina da tambaya kuma amsar gaskiya nake so ba zolaya ba. Makarantar su yarana sun ƙara kuɗin mota wannan zangon, to da muka je taron iyaye sai na ce tunda dai an ƙara kuɗi me zai hana a saka wa kujerun motar bel, kowane yaro ya riƙa ɗaura nasa. Wlh sai ɗakin ya ɗauki dariya, wani uba ma cewa ya yi Hajiya nan fa ba Landan ba ce. Shugabar makarantar kuma ta ce ai ko a Amurka motocin makaranta ba su da bel. Abin ya tsaya min a rai. Shin gaskiya ne wannan maganar tata? Kuma ni ce na cika zaƙewa ko kuwa kamata ya yi a ce doka ce ma ta tilasta musu?

Ɗan_Fagge:
Hajiya kafin a zo maganar bel ki fara tambayarsu yara nawa suke zubawa a motar. Hiace mai kujera 14 ko 18 amma yara talatin da wani abu a ciki, wasu a cinyar wasu, wasu a kan injin. Bel ɗin wa za a ɗaura wa a cikinsu?

Ummu_Haidar:
Wa alaikumus salam. Ba ki zaƙe ba ko kaɗan Maman Ilham, ɗanki ne, ke kika san zafinsa. Masu dariyar nan in abu ya faru su ne za su fara zuwa jaje.

Bashir_Ohio:
Maganar shugabar makarantar rabin gaskiya ce, bari in yi bayani tunda yarana irin motar suke shiga kullum. Eh, manyan motocin makaranta masu ruwan ɗorawa na nan Amurka da yawansu ba su da bel, dokar tarayya ba ta tilasta ba. Amma akwai dalili. Tun 1977 aka kafa ƙa'idar yadda za a ƙera kujerunsu: bayan kujerar dogo ne ya wuce kan yaro, an lulluɓe shi da soso mai kauri gaba da baya, kujerun a matse suke da juna, ƙarfen ciki kuma an yi shi ne yadda zai lanƙwashe ya shanye ƙarfin bugun. Kamar dai kiret ɗin ƙwai, kowa yana cikin gurbinsa. In aka yi karo ta gaba yaron tafiyar da zai yi 'yar kaɗan ce ya bugi soso. Ga motar kanta ƙatuwa ce, kujerun a sama suke sun fi tsayin ƙaramar mota, kuma in ta tsaya ɗaukar yara wani allo ja yake fitowa a gefenta dole kowa ya tsaya, ka wuce ka ga tara. Yara wajen miliyan 25 ake ɗauka kullum, amma waɗanda suke rasuwa a cikin motar a shekara yawanci ba sa kai goma.
Abin da ba ta faɗa miki ba shi ne, ƙananan motocin makaranta waɗanda nauyinsu bai wuce kilo 4,500 ba DOLE ne su kasance da bel a nan, wannan dokar tarayya ce. Kuma motocin da makarantunmu na gida suke amfani da su, Hiace da Sienna da Sharon, ai a wannan layin suke ba a layin manyan ba. Don haka in da Amurka za ta kafa hujja, hujjar a kanta take juyawa.

Maman_Ilham:
@Bashir_Ohio Allah ya saka da alheri. Dama na ji a jikina akwai abin da ba a ƙarasa faɗa ba.

Dattijo_55:
Mu dai a bayan akori-kura aka riƙa kai mu makarantar kwana, da akwatunanmu na ƙarfe, a tsaye, hanya ba kwalta, ga mu nan da jikoki. Abin da Allah ya rubuta ba bel ɗin da zai hana. Ku dai riƙa yi wa yara addu'ar hawa abin hawa.

Malam_Auwal_Zariya:
Baba Allah ya ƙara girma, addu'a kam ba abin da ya kai ta. Amma ai Manzon Allah SAW da mutumin nan ya tambaye shi ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya yi tawakkali, ce masa ya yi ɗaure ta ka yi tawakkali. Kuma Baba waɗanda suka faɗo daga akori-kurar ba sa nan balle su ba mu labari.

Dattijo_55:
Malam ka kama ni. Amma dai a lokacinmu direbobi suna da hankali, ba irin yaran yanzu ba.

Direba_Tanko:
Ni direban motar makaranta ne a Kaduna, na daɗe a harkar, bari in faɗa muku abin da ku iyaye ba kwa gani. Motar da nake ja da farko Sienna ce, da bel ɗinta lafiya lau tun daga Kwatano. Ba a yi wata biyu ba yara suka cusa cingam da ɓawon gyaɗa a cikin ramin da ake maƙala shi, wani ya yanke da reza, wata rana kuma ina tuƙi na ji ihu, ashe wani ne ya zaro ƙarfen bakin bel ɗin ya rotsa wa ɗan uwansa a goshi. Ni kaɗai ne babba a motar, ido na kan titi, ga 'yan adaidaita suna shigo maka ta ko'ina, ta yaya zan duba ko yaro na kujerar baya ya ɗaura? In kuna son bel ya yi aiki sai an sa anti a mota wadda ba ta da aiki sai yaran. Kuma mai makaranta ba zai biya albashin mutum biyu ba, ni kaina nawa sai tsakiyar wata.
Na biyu ku iyaye ku ne kuke sa mu gudu. Ka je ƙofar gida ƙarfe shida da rabi kana hon, uwa ta leƙo ta ce ana masa wanka. Gida biyar a yi maka haka, ka makara, a makaranta a yanke maka kuɗi. To ya za ka yi in ba ka taka mota ba?

Ummu_Haidar:
Malam Tanko wannan ta biyun ka faɗi gaskiya, har da ni a ciki wani lokacin lol. Amma ta farkon ai tarbiyya ce, yaro in aka koya masa zai koya. Yadda suka haddace karatun Islamiyya ɗaura bel ne zai gagare su?

Sista_Rabi:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɓangaren haɗari da gaggawa nake. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne ba sai an yi mugun gudu ba. Mota tana tafiyar kilomita 50 a awa, wanda shi ne gudun cikin gari, in ta tsaya cak jikin da ba a ɗaure ba ci gaba yake da tafiya da wannan gudun, daidai yake da mutum ya faɗo daga tsayin mita goma, kusan bene hawa uku kenan. Yaro kuma kansa ya yi wa jikinsa nauyi in aka kwatanta da babba, shi ya sa kai ne yake fara tafiya. Abin da muka fi gani a yaran da aka kawo daga irin waɗannan motocin shi ne fashewar goshi, haƙoran gaba sun zube saboda ƙarfen bayan kujera ba soso, karayar ƙashin wuya na nan gaban kafaɗa, sai kuma wanda aka ɗora a cinya, wannan shi ya fi ban tausayi don na bayansa ne yake danne shi da nauyinsa. Akwai wata yarinya da ba zan manta ba, 'yar aji biyu, ba ma karo aka yi ba, burki kawai direba ya taka saboda akuya, tana tsaye tsakanin kujeru da kwandon abincinta a hannu, leɓenta na sama sai da aka ɗinke.
Amma zan ƙara da gargaɗi ɗaya, bel na ƙugu kaɗai, wanda ba shi da na kafaɗa, in ya hau kan cikin yaro maimakon ƙashin ƙugu shi ma yana illa, yana iya fasa hanji ko ya taɓa ƙashin baya saboda jikin naɗewa yake a kansa. Don haka in za a yi a yi mai kyau, mai ratsa kafaɗa da ƙugu, kuma ƙananan 'yan nazare sai an ɗaga musu mazauni don kar ya bi ta wuyansu.

Ɗan_Fagge:
Kun ji ko. Ana ga wata ga wata. Yanzu kuma bel ɗin ma kala-kala ne.

Injiniya_Panteka:
Sista ta taɓo inda nake so in yi magana. Ni aikin bodi da walda nake. Yawancin Hiace ɗin da ake sayowa makarantu ba motar fasinja ba ce asalinta, ta ɗaukar kaya ce, ba kujeru a bayanta, wasu ko taga babu sai an yanka. Mu ake kawo wa mu haɗa benci da ƙarfen kwana da bututu, a ɗaure da ƙananan noti a jikin falanki ko a ɗan ɗiga walda a ƙasan motar, ƙasan kuma ƙarfe ne siriri wani ma tsatsa ta cinye. To in ka ɗauko bel ka ɗaura a jikin wannan bencin ba ka yi komai ba, ranar da aka yi karo bencin ne gaba ɗaya zai tumɓuke ya tafi da yaran a ɗaure a jikinsa. Bel na gaskiya a jikin ƙashin motar ake ɗaure shi, da babban noti mai ƙarfi, a sa faranti mai kauri ta ƙasa don kar ya yage ƙarfen. Motar da kamfani ya yi don fasinja za ka ga ramukan nan a shirye. Kuma bel ɗin da ake sayarwa na gwangwan a kula, wanda aka cire daga motar da ta yi haɗari ya gama aikinsa, zarensa ya miƙe. Gwaji mai sauƙi: ka ja shi a hankali ya biyo ka, ka fizge shi da ƙarfi ya ƙulle. In bai ƙulle ba ka ajiye musu kayansu.
Ana iya yi, ban ce ba a iyawa ba. Amma kujerun za a sake gaba ɗaya ba bel kaɗai ba.

Hajiya_Mai_Makaranta:
Toh na ga an taru a kanmu, bari in kare kaina. Ina da 'yar ƙaramar makaranta, nazare da firamare, motoci biyu. Wallahi tallahi motar makaranta asara ce, duk mai makarantar da ya ce yana cin riba da ita a tambaye shi da kyau. Muna ajiye ta ne kawai don in babu iyaye za su kai yaransu wani wuri. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, daga baya har ta wuce dubu. Ga taya, ga bakin mai, ga direba, ga jami'an hanya. In na ce kowane yaro kujerarsa da bel ɗinsa, motar da take ɗaukar 28 za ta koma 14, ke nan ko in ninka kuɗin mota ko in yi sawu biyu, sawu biyu kuma man ya ninku kuma yaran farko sai sun fito tun duhu. Na taɓa gwada rage yawan yara na ƙara kuɗi kaɗan, kun san me ya faru? Iyaye suka cire yaransu daga motar suka haɗa su da mai adaidaita, yara tara a adaidaita ɗaya, biyu a gefen direba ƙafafunsu a waje. To wanne ya fi haɗari don Allah? Ni ba na ƙin bel, ina da jikoki. Amma a faɗa min wa zai biya.

Abu_Sadiq:
Hajiya da girmamawa, amma kuɗin bikin yaye ɗalibai da kuke karɓa, da na rigar wasanni kala biyu, da na littattafan da dole a wurinku za a saya, duk iyaye suna biya. In aka zo maganar rai ne sai a ce ba kuɗi.

Hajiya_Mai_Makaranta:
@Abu_Sadiq bikin yaye ɗalibai iyaye ne suke matsa mana a yi, su ɗinka anko su ɗauki hoto. Ka kira taro ka ce za a soke biki a sayi kujerun mota ka ga mutum nawa za su ɗaga hannu.

Bashir_Ohio:
Maganar Hajiya ta adaidaita ba abin wasa ba ce, don ko a nan ita ce babbar hujjar da hukumar kula da lafiyar hanya ta tarayya ta daɗe tana bayarwa. Saka bel a babbar mota sabuwa yana ƙara dala dubu 7 zuwa dubu 10 a kuɗinta, suka ce in gunduma ta rage yawan motoci saboda tsada yara za su koma tafiya a ƙasa ko a ƙananan motoci, a nan kuma aka fi mutuwa. Amma abubuwa sun canza. Shi tsarin kujerun da na faɗa a sama karo ta gaba da ta baya kawai yake tarewa, in aka bugi motar ta gefe ko ta wuntsila ba ya hana yaro tashi daga kujera. A watan Nuwamban 2016 a garin Chattanooga na jihar Tennessee direba yana gudu a wata 'yar siririyar hanya motar ta kife ta daki bishiya, yara 6 'yan firamare suka rasu. Bayan binciken wannan ne a 2018 hukumar binciken haɗurra ta ƙasa ta ba jihohi shawarar duk sabuwar babbar motar makaranta a sa mata bel mai kafaɗa da ƙugu. New York tun 1987 take da dokar bel, New Jersey tun 1992, akwai California da Florida da Texas da Nevada da wasu. New Jersey ɗin ma na ƙugu kaɗai suke sakawa da, sai da wata tifa ta daki motar 'yan makaranta a babbar hanya a watan Mayun 2018, ɗaliba da malama suka rasu, sannan a shekarar suka mayar da dokar ta zama mai kafaɗa. Ya yi daidai da abin da Sista ta ce.

Zee_Birmingham:
Tunda an ce wa Maman Ilham nan ba Landan ba ce bari 'yar kusa da Landan ta yi magana 😄 Su ma nan ba da wayonsu suka fara ba, sai da aka yi rashi. A watan Nuwamban 1993 wata ƙaramar bas ta makarantar sakandare tana dawowa daga Landan da daddare a kan babbar hanyar M40 ta afka wa wata motar masu gyaran hanya da ke tsaye a gefe, ta kama da wuta, ɗalibai 12 da malamarsu suka rasu. Malamar ce take tuƙi bayan ta wuni tana aiki. Kuma kujerun bayan motar benci ne guda biyu masu kallon juna a jikin bango, irin dai wanda Injiniya yake magana. Iyayen yaran ne suka tashi tsaye, zuwa 1997 aka yi doka duk ƙaramar bas ko doguwa da za ta ɗauki yara tafiyar makaranta sai kowane yaro yana da kujera mai kallon gaba da bel. Yanzu ɗana ko a tasi ya shiga shi yake tuna min. Dokar nan ma yaro sai ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135 kafin ya daina zama a kujerar yara a mota.

Ɗan_Fagge:
Anti Zee a nan yaro ɗan shekara 12 shi yake tuƙa motar 😂

Kwamared_Sani:
Ku bar zancen Turai, ku dubi Kenya da suke kamar mu. A 2004 ministan sufurinsu John Michuki ya ce duk motar haya sai ta sa bel a kowace kujera, da na'urar hana gudu a kilomita 80, kuma ba ɗaukar fasinja fiye da kujeru. Masu motoci suka yi yajin aiki, mutane suka yi ta tafiya a ƙasa, bai janye ba. Haɗari ya ragu sosai a farkon. Da aka canza shi daga ma'aikatar sai abin ya fara saki, aka koma gidan jiya. Wato matsalar ba rubuta doka ba ce. Mu nan hukumar kiyaye haɗurra tun 1988 take, tun Janairun 2003 ta fara kama marasa bel, tun Fabrairun 2017 ta ce motocin haya su sa na'urar rage gudu. A jadawalin tararsu da aka daɗe ana aiki da shi rashin bel naira 2,000 ne, lodi fiye da ƙima 10,000. Amma ku tsaya a bakin titi da safe ku gani, jami'i zai tare mai ƙaramar mota shi kaɗai a ciki don bai ɗaura bel ba, motar makaranta kuma ta wuce ta gabansa da yara har a bakin ƙofa ya ɗaga mata hannu.

Direba_Tanko:
Ai in ya tare mu yaran ne za su makara, shi ma yana da 'ya'ya.

Kwamared_Sani:
Malam Tanko wannan tausayin ne yake kashe mu ai.

Maman_Twins:
Ni tsorona daban ne kuma ba wanda ya taɓo shi. In mota ta kama da wuta ko ta faɗa ruwa fa? Yara ashirin 'yan shekara huɗu biyar duk a ɗaure, wa zai tsaya kwance su ɗaya bayan ɗaya? Musamman yanzu da ake ta mayar da motoci masu amfani da gas, wasu ma a bakin titi ake haɗa musu tukunyar. Kun manta abin da ya faru a Thailand a watan Oktoban 2024, motar 'yan makaranta mai gas ta kama da wuta, yara 20 da malamai 3 suka ƙone. Ni tun lokacin hankalina bai kwanta ba.

Sista_Rabi:
@Maman_Twins tsoronki yana kan hanya amma ki duba ta wannan ɓangaren. Wanda zai iya fita daga mota mai cin wuta shi ne wanda yake cikin hayyacinsa. Yaron da ya bugi ƙarfe ya suma ko ƙafarsa ta karye ba inda za shi ko ba a ɗaure yake ba. Bel danna maɓalli ɗaya ne ya buɗe, ɗan shekara huɗu yana koya a rana ɗaya. Abin da yake hana fita a motocinmu ƙofa ce: ƙofa ɗaya mai ja wadda hannunta ya karye sai ta waje ake buɗewa, but ɗin baya an toshe shi da ƙarin benci, tagogi an yi musu waldar ƙarfe don kar yara su leƙa.

Injiniya_Panteka:
Wannan ƙarfen tagar ni kaina an sha kawo min in saka. Yanzu in an kawo ina ce musu a bar ko taga ɗaya ta baya mai buɗuwa, wasu su yarda wasu su tafi wurin wani. Tukunyar gas kuma don Allah kar a yarda da wadda aka yi wa walda a gida, ba irin ta girki ba ce, ƙarfin iskar da ke ciki ya ninka sosai.

Abu_Sadiq:
A ganina a raba abin gida biyu. Zirga-zirgar cikin unguwa daban, tafiyar babbar hanya daban. Inda ake asarar rayuka da yawa lokaci ɗaya tafiyar nesa ce, yawon buɗe ido, gasar karatu, musabaƙa, wasanni. Tanzaniya a watan Mayun 2017 yara 32 'yan firamare suka rasu a yankin Karatu za su je rubuta jarrabawar gwaji, motar ta faɗa kwazazzabo. Mu ma nan ba a daɗe ba, ƙarshen watan Mayun 2025, motar tawagar 'yan wasan Kano da ke dawowa daga gasar ƙasa a Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, sun kusa gida, mutum sama da ashirin suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ba motar makaranta ba ce amma matasa ne kuma irin tafiyar ce. To ko ba za a iya na kullum ba, a ce duk makarantar da za ta fitar da yara wajen gari sai a mota mai kujerun kamfani da bel, kowa da kujerarsa, ba tafiyar dare, direba ya yi barci. Wannan ai ba zai kashe Hajiya ba, sau nawa ake fita a shekara.

Hajiya_Mai_Makaranta:
Amin ya Allah. Wannan kam na yarda da shi, dama mu in za mu fita Coaster muke ɗauka haya. Sai dai ita ma Coaster ɗin in ka duba bel ɗin an tura shi ƙarƙashin kujera ya yi baƙi ƙirin, wani an yanke an ɗaure kaya da shi.

Dattijo_55:
Allah ya jiƙan musulmi. Ni fa har yanzu ina kan bakana a kan direba. Ku nemo dattijo mai iyali wanda ba ya shaye-shaye ba ya latsa waya, ku biya shi da kyau. Yaro ɗan ashirin da abin kunne a kunnensa ko bel goma kuka saka sai addu'a.

Malam_Auwal_Zariya:
A nan kam Baba ba mai ja da kai.

Ummu_Haidar:
Ni kuma wani abu da ya fi bel damuna shi ne lokacin sauka. Direban su ɗiyata a tsallaken titi yake ajiye ta ya ja motarsa, ita kaɗai za ta tsallako, shekararta shida. Sai da na je na yi masa magana ya ce juyowa yana cin mai. Yanzu ni nake fita in tsaya.

Bashir_Ohio:
@Ummu_Haidar ko a nan yaran da ake rasawa a wajen motar, wurin hawa da sauka, sun fi na cikin motar yawa. Wani ma motar makarantar ce da kanta take taka shi don direba ba ya hango ƙaramin yaro a gaban hancinta. Shi ya sa ake koya musu su yi nisa da ita sosai kafin su tsallaka, sai sun ga fuskar direba ya yi musu alama.

Maman_Ilham:
Kai jama'a na gode, na ƙaru fiye da yadda na zata. Yau da aka kawo su na fita na leƙa cikin motar da kaina, abin da ban taɓa yi ba. Layi biyu na gaba kujerun asali ne har da ramin bel, sauran na baya benci ne na walda an rufe da leda, ɗaya ma girgiɗi yake in ka taɓa. Na ƙirga yara 23. Ban san ko in koma wurin shugabar ni kaɗai ba ko in nemi wasu iyayen tukunna, don na ga alama in kai kaɗai ne sai a ce fitina kake nema.

Kwamared_Sani:
Kar ki je ke kaɗai Hajiya. Ki samu ko mutum biyar masu yara a motar, ku rubuta a takarda, kuma kar ku fara da bel, ku fara da yawan yara da bencin da yake girgiɗi da anti a mota. In kuka fara da bel za a sake yin dariyar nan a wuce wurin.

Maman_Twins:
Kuma ku shirya jin an ce to za a ƙara kuɗi, don za a faɗa.

Ɗan_Fagge:
Ni dai nawa a Lifan nake kai su, uku a baya ɗaya a kan tanki, don haka ba ni da bakin magana a nan 🙈

Sista_Rabi:
@Ɗan_Fagge na kan tankin nan shi ne farkon wanda ake kawo mana. Ko hular kwano ka saya musu don Allah.

Hajiya_Mai_Makaranta:
@Injiniya_Panteka in mutum yana son a cire bencin Hiace a mayar da kujerun asali masu bel layi huɗu, ana samunsu a Ƙofar Ruwa ko sai an aika Legas? Kuma aikin zai kai kwana nawa, don sai dai a yi shi lokacin hutu.

Injiniya_Panteka:
Ana samu Hajiya amma sai an zaga, kuma ki tafi da mai gyaranki ya duba ƙafafun kujerun da bel ɗin ɗaya bayan ɗaya kafin ki biya. Ki fara turo min hoton ƙasan motar ta ciki, a ɗage ledar, in ga ko tsatsa ta bar wurin da noti zai kama.